Daga Zaurance Zuwa Mabuɗi: Nazarin Matakan Tsaron Wi-Fi da Yadda Ake Saita Su

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin hanyoyin da ake bi wajen sirranta bayanan da ke yawo a kan Wi-Fi, tare da bayyana yadda ake saita na'urar rarraba intanet domin kare su. An bibiyi matakan tsaro huɗu da aka yi amfani da su tun daga 1997, wato WEP da WPA da WPA2 da WPA3, aka nuna dalilin da ya sa aka yi watsi da biyun farko. An ɗauki zaurance a matsayin abin kwatance domin fito da ƙa'idar da sirrantawar zamani ta ginu a kanta. Maƙalar ta nuna cewa lissafin da ke cikin matakan tsaro na yanzu yana da ƙarfi ƙwarai, kuma ɓaraka ta fi faruwa ne daga abubuwan da aka bar wa mai na'ura ya zaɓa da kansa: matakin da ya kunna, da kalmar sirrin da ya sa, da ƙofofin da ya manta bai rufe ba.

Fitilun kalmomi: sadarwar iska, rauta, sirrantawa, mabuɗi, kalmar sirri, zaurance

1.0 Gabatarwa

Malamin jami'a a yau yana shiga intanet ne galibi ta Wi-Fi, ko dai daga na'urar da sashe ya kafa, ko daga ƙaramar MiFi da ke aljihunsa, ko daga wayarsa da ya mayar hotsifot. Ta wannan hanya ake aika tambayoyin jarrabawa ga mai tantancewa na waje, ake ɗora sakamakon ɗalibai, ake kuma tura kundayen digiri da ba a kai ga kare su ba. Mai nazarin Hausa yana da ƙarin kaya a kan waɗannan. Akwai muryoyin mutanen da ya zanta da su a fagen bincike, wasunsu bisa alkawarin sakaya suna. Akwai kuma hotunan rubuce-rubucen ajami da magada suka damƙa masa bisa amana.

Duk abin da ya bar kwamfuta ta Wi-Fi yana fita ne a matsayin igiyar rediyo, wadda ke ratsa bango da taga, ta isa baranda da wurin ajiye motoci. Wanda ke kusa, in yana da na'urar da ta dace, zai iya kama ta ba tare da kowa ya sani ba. Abin da ke hana shi karanta abin da ya kama shi ne sirrantawa. Gaskiya ne mafi yawan shafukan intanet suna da tasu kariyar, wadda ake ganewa da harafan https a farkon adireshi. Sai dai wanda ya kutsa cikin layin ofis yana iya isa ga firinta da manyan fayilolin da aka buɗe wa abokan aiki, yana kuma iya karkatar da masu amfani da layin zuwa shafukan bogi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wannan fanni cikin Hausa, ta yadda mai na'ura zai san ma'anar abin da yake zaɓa a shafin saiti.

2.0 Ma'anar Tubalan Kalmomi

Kafin shiga cikin batun, ya dace a daidaita kalmomin da za a yi aiki da su.

Sadarwar iska: Ana yawan cewa "sadarwa marar waya", amma tun da kalmar "waya" ta koma nufin tarho a bakin jama'a, wannan furuci yana iya rikitarwa. An zaɓi "sadarwar iska" bisa kwaikwayon tsohuwar kalmar nan "wayar iska". Wi-Fi nau'i ne na sadarwar iska, wanda ke aiki a kan zangon mita gigahaz 2.4 da 5, sababbin na'urori kuma har da 6.

Rauta: Na'urar da ke karɓo intanet ta rarraba shi ga kwamfutoci da wayoyi. MiFi ma ƙaramar rauta ce.

Sirrantawa: Jirkita saƙo ta hanyar lissafi ta yadda ba mai iya karanta shi sai wanda ke riƙe da abin warwarewa.

Mabuɗi da kalmar sirri: Mabuɗi dogon adadi ne da na'urori ke sirrantawa da shi, ana auna tsawonsa da ma'aunin bit. Kalmar sirri kuwa ita ce abin da mutum ke rubutawa da hannunsa, daga gare ta ne na'ura ke samar da mabuɗi. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin mabuɗi ba ya wuce ƙarfin kalmar da aka ciro shi daga gare ta.

Ƙunshi: Ba a aika bayanai a dunƙule. Ana yanka su gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ita ce ƙunshi.

3.0 Zaurance da Ƙa'idar Sirrantawa

Hausawa sun daɗe da sanin dabarar yin magana a gaban mutum ba tare da ya fahimta ba. Zaurance misali ne. Masu yin sa kan juya gaɓoɓin kalma, kamar a mayar da "gida" ta koma "dagi", ko su riƙa cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa ta asali, har zance ya rikiɗe wa baƙon kunne. Ƙarfin zaurance gaba ɗaya ya rataya ne a kan ɓoye dokarsa. Ranar da mai sauraro ya gano dokar, zancen jiya da na gobe duk sun tonu. Ganowar kuwa ba ta gagarar mai haƙuri, saboda harshe yana barin sawu duk yadda aka juya shi. Tun a ƙarni na 9 masanin nan Al-Kindi ya rubuta risala a Bagadaza, inda ya nuna cewa ana iya warware rubutun sirri ta ƙirga yawan maimaituwar haruffa, tun da wasu haruffa sun fi wasu yawan zuwa a kowane harshe.

A 1883 Auguste Kerckhoffs, wani masanin harsuna haifaffen Holan, ya shimfiɗa ƙa'idar da ake bi har yau: dole tsarin sirrantawa ya kasance da aminci ko da abokin gaba ya san duk yadda yake aiki, muddin bai san mabuɗin ba. A nan sirrantawar zamani ta rabu da zaurance. Dokokin WPA2 da WPA3 a wallafe suke, kowa na iya karantawa, kuma masana na duniya suna ta gwada karya su a fili. Abin ɓoyewa guda ne kawai, shi ne mabuɗi. In ya tonu, sai a sauya shi, tsarin ya ci gaba da aiki.

Daga wannan ƙa'ida darasi biyu ke fitowa. Na farko, duk wata kariya da ta dogara ga "ba wanda zai gane" zaurance ce, kuma za a gane. Na biyu, nauyin tsaro ya koma kan mai riƙe da mabuɗi.

4.0 Matakan Tsaro Huɗu

4.1 WEP

Cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar 802.11 a 1997, wadda ita ce tushen Wi-Fi, kuma WEP ne matakin tsaron da ya zo tare da ita. Yana amfani da lissafin RC4 da Ron Rivest ya ƙirƙira a 1987, da mabuɗi mai bit 40 ko 104. Domin kada a sirranta kowane ƙunshi da abu iri ɗaya, ana haɗa mabuɗin da wani ƙaramin adadi mai sauyawa, mai bit 24, wanda ake aikawa a fili tare da ƙunshin.

A nan gizo yake saƙa. Bit 24 ba ya bayar da adadi daban-daban fiye da 16,777,216. In ana zaɓen adadin ba bisa jeri ba, bayan ƙunshi kimanin 5,000 kacal akwai yiwuwar kashi 50 cikin ɗari an maimaita ɗaya. Maimaici kuwa shi ne sawun da Al-Kindi ya koyar a bi. A 2001 Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir suka wallafa wani rauni a RC4 da ke ba da damar gano mabuɗin kansa daga tarin ƙunshi. A 2007 masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Darmstadt da ke Jamus suka nuna ana iya karya WEP mai bit 104 cikin ƙasa da minti ɗaya. A wannan shekarar ce kamfanin shaguna na TJX da ke Amurka ya bayyana cewa an sace bayanan katunan banki sama da miliyan 45 daga rumbunsa, kuma binciken hukumomin kare sirri na Kanada ya nuna cewa shagunan da aka kutsa ta cikinsu suna amfani da WEP ne, shekaru bayan an san rauninsa. Tsawon kalmar sirri ba ya ceton WEP, domin aibin yana cikin ginin ne.

4.2 WPA

Ƙungiyar Wi-Fi Alliance, wadda ke ba na'urori shaidar inganci, ta fito da WPA a 2003 a matsayin maganin wucin gadi. An tsara shi ne domin ya yi aiki a kan tsofaffin na'urori ta hanyar sabunta manhajarsu kawai. Saboda haka ya ci gaba da amfani da RC4, amma cikin wani tsari mai suna TKIP, wanda ke ba kowane ƙunshi mabuɗinsa, ya kuma faɗaɗa adadin nan mai sauyawa zuwa bit 48. Ya toshe babbar ɓarakar, sai dai faci ne a kan tsohuwar riga. A 2008 Martin Beck da Erik Tews suka nuna hanyar warware gajerun ƙunshi da cusa na bogi a layin TKIP, kuma bugun 2012 na ƙa'idar 802.11 ya ayyana shi a matsayin abin da aka daina. Yana da wata illa ta daban: rautar zamani da aka saita a kan TKIP ba ta wuce saurin megabit 54 a sakan.

4.3 WPA2

Gyara na haƙiƙa ya zo da ƙa'idar 802.11i a 2004, wadda aka san ta a kasuwa da sunan WPA2. Ta ajiye RC4 ta ɗauki AES, lissafin da Joan Daemen da Vincent Rijmen na Beljiyam suka ƙirƙira, wanda hukumar ma'auni ta Amurka ta amince da shi a 2001. Daga 2006 ya zama wajibi ga duk na'urar da ke neman shaidar Wi-Fi ta goyi bayan WPA2. Har yau ba a san wata hanya ta zahiri ta karya AES mai bit 128 ta gwajin mabuɗai ba.

Raunin WPA2 na gida yana wajen gaisuwa. Duk sa'ad da waya za ta hau layi, sai ita da rauta su yi musayar saƙonni huɗu domin kowannensu ya tabbatar ɗayan ya san kalmar sirri, su kuma samar da mabuɗin wannan zama. Ana iya kiran wannan musafaha mai matakai huɗu. Kalmar sirri ba ta bi ta iska, amma wanda ya naɗi musafahar zai iya komawa gida ya riƙa gwada kalmomi a kwamfutarsa yana kwatantawa, ba tare da rauta ta sani ba, kuma ba iyaka. Ba ya ma buƙatar dogon jira, domin yana iya aika saƙon bogi da zai sauke wata waya daga layi, ta sake hawa, ya naɗi gaisuwar. Bugu da ƙari, wanda ya riga ya san kalmar sirri, in ya naɗi musafahar wani, zai iya warware abin da wancan yake aikawa. Wannan abin lura ne ga sashen da malamai da ɗalibai da baƙi ke amfani da kalma ɗaya.

A Oktoban 2017 Mathy Vanhoef na Jami'ar Leuven da ke Beljiyam ya bayyana harin da aka sa wa suna KRACK. Ta maimaita saƙo na uku na musafahar, ana iya sa na'ura ta sake ɗora mabuɗin da ta riga ta yi amfani da shi. An magance wannan ta sabunta manhajoji, musamman na wayoyi da kwamfutoci. Na'urar da ba a sabunta ba tana nan da rauninta.

4.4 WPA3

An ƙaddamar da WPA3 a Yunin 2018, ya kuma zama wajibi ga sababbin na'urori masu neman shaida daga Yulin 2020. Ya sauya yadda ake tabbatar da kalmar sirri zuwa wani tsari mai suna SAE. A ƙarƙashinsa, naɗar gaisuwa ba ta ba mai kutse abin da zai tafi gwadawa a gida. Kowane cinke sai ya tunkari rautar kai tsaye, abin da ke rage saurinsa ƙwarai. Ko kalmar sirri ta tonu daga baya, bayanan da aka naɗa a baya ba sa warwaruwa. Ya kuma wajabta kare saƙonnin gudanarwa, waɗanda ake kira PMF, domin hana sauke mutane daga layi da saƙon bogi. Shi ma bai tsira daga suka ba. A 2019 Vanhoef da Eyal Ronen suka wallafa wasu raunuka da aka kira Dragonblood, waɗanda aka bi da gyare-gyare. Tarihin matakan huɗu yana nuna cewa kowane kwaɗo yana tsufa, kuma saiti ba aikin rana ɗaya ba ne.

5.0 Yadda Ake Saita Rauta

5.1 Ƙofar Gudanarwa

Ana shiga shafin saiti ta rubuta adireshin rauta a burauza. Mafi yawa 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, wasu na'urorin MiFi kuma 192.168.8.1, galibi yana rubuce a jikin na'urar. Rauta tana da kalmomin sirri biyu da ake yawan cakuɗawa: ta hawa layi, da ta shiga shafin saiti. Ta biyun ta fi hatsari, domin mai ita yana iya sauya komai. Na'urori da yawa suna zuwa da "admin" a matsayin suna da kalmar sirri duka, kuma jerin irin waɗannan kalmomi na kamfanoni a baje yake a intanet. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta mamaye ɗimbin rautoci da kyamarori a duniya ta gwada irin waɗannan kalmomi kimanin 60 kawai. Don haka aikin farko shi ne sauya wannan kalma, a kuma kashe damar gudanar da rauta daga nesa ta intanet in ba a buƙatarta.

5.2 Zaɓen Mataki

A sashen tsaro na shafin za a tarar da jerin zaɓi. Tsarin fifiko shi ne kamar haka:

i. WPA3-SAE, in duk na'urorin da ke wurin sun goyi bayansa.

ii. Gamin WPA2 da WPA3, in akwai tsofaffin na'urori. Sai dai a sani cewa a wannan yanayi mai kutse na iya neman jawo na'ura ta sauko zuwa WPA2, saboda haka ƙarfin kalmar sirri bai rage muhimmanci ba.

iii. WPA2-PSK tare da AES kaɗai, in rautar ba ta san WPA3 ba.

Duk zaɓin da ke ɗauke da WEP ko TKIP abin gudu ne, haka ma barin layi a buɗe. Rautar da ba ta da abin da ya wuce waɗannan ta isa ritaya. In akwai wurin kunna PMF, a kunna shi.

5.3 Kalmar Sirri

WPA2 yana karɓar kalma mai haruffa 8 zuwa 63. Yana cuɗa ta da sunan layin sau 4,096 kafin ya fitar da mabuɗi, domin ya wahalar da mai gwaji. Duk da haka, kwamfuta mai katin hoto mai ƙarfi tana gwada ɗaruruwan dubban kalmomi a sakan ɗaya. In aka ƙaddara gwaji 200,000 a sakan, lissafin zai kasance kamar haka. Kalma mai alƙaluma 8 tana da fuska miliyan 100, za a ƙare su cikin minti 8 da 'yan kai. Ƙananan haruffa 8 na boko suna da fuska kusan biliyan 209, aikin kwana 12 ke nan. Lambar waya, wadda mutane ke gani doguwa, ta fi su rauni: lambar Nijeriya tana da alƙaluma 11, amma huɗun farko irin 0803 da 0806 sanannu ne kuma ƙididdigaggu, saura 7 ke nan, wato miliyan 10 ga kowane mafari, aikin sakan 50.

Mafita ita ce tsawo tare da rashin tsari. In aka zaɓi kalmomi 5 da ka daga jerin kalmomi 5,000, adadin fuskokin ya haura biliyan sau biliyan 3, wanda a wancan sauri zai ci kusan shekara 500,000. Mai nazarin Hausa yana da kayan aikin a kan teburinsa: ƙamusun Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Sai ya bar ƙuri'a ta zaɓar masa shafi da layi, ya fitar da abu kamar "tulu-garma-hazo-alkyabba-gwaza". Wannan misali ne kawai, tun da an buga shi ya daina zama sirri.

Akwai tarko biyu da suka keɓanta ga mai Hausa. Na farko shi ne karin magana ko baitin waƙa. Suna da tsawo da sauƙin haddacewa, amma kalmominsu ba zaɓin ƙuri'a ba ne; farkonsu yana kiran ƙarshensu, kuma an tattara su a littattafai da shafuka, inda kowa zai iya kwasa ya zuba cikin jerin gwaji. Dogaro da cewa mai kutse ba ya jin Hausa komawa ne ga zaurance, balle ma mai kutsen da ke iya kama igiyar layin maƙwabci ne. Na biyu shi ne haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Ƙa'idar WPA2 ta tanadi haruffan ASCII ne kawai, waɗannan kuwa ba sa ciki, saboda haka wata na'ura na iya fassara su daban da wata, a rubuta kalma daidai layi ya ƙi buɗewa. Ya fi dacewa a zaɓi kalmomin da ba su da su.

Sunan layi ma yana da nasa hukunci. Tun da yana shiga cikin lissafin mabuɗi, barin sunan da kamfani ya sa yana sauƙaƙa wa masu jadawalin da aka riga aka lissafa. A sauya shi da wanda bai bayyana sunan mutum ko lambar ofis ba.

5.4 WPS

An ƙirƙiro WPS domin sauƙaƙa haɗa na'ura ta danna maɓalli ko shigar da lamba mai alƙaluma 8. A Disamban 2011 Stefan Viehböck ya nuna cewa rauta tana duba lambar ne rabi-rabi, tana kuma faɗin ko rabin farko daidai ne. Alƙalami na ƙarshe kuwa ana lissafo shi daga sauran. Sakamakon haka, gwajin da ya kamata ya kai miliyoyi ya dawo 10,000 a tara da 1,000, wato 11,000 kacal. Wanda ya ci lambar, rauta za ta miƙa masa kalmar sirri komai tsawonta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kashe WPS.

5.5 Sabuntawa

Rauta tana da manhajar cikinta, kuma kamfanoni kan fitar da gyara idan an gano rauni. A kunna sabuntawa ta kai-da-kai in akwai, in babu a riƙa dubawa lokaci-lokaci. Haka ma wayoyi da kwamfutoci, kamar yadda darasin KRACK ya nuna.

5.6 Zauren Baƙi

Gidan Bahaushe yana da zaure, inda ake karɓar baƙo a karrama shi ba tare da ya shiga cikin gida ba. Rautoci da yawa suna da irin wannan: layi na biyu mai sunansa da kalmarsa, wanda ke ba da intanet amma ba ya kai mutum ga kwamfutocin ciki. A nan ya kamata a sauke ɗalibai da mahalarta taro, a kuma kunna zaɓin da ke hana baƙi ganin juna. Kyamarori da talabijin masu hawa intanet, waɗanda ba kasafai ake sabunta su ba, su ma nan ne wurinsu. Ana iya sauya kalmar zaure bayan kowane taro ko zangon karatu ba tare da an taɓa ta cikin gida ba.

5.7 Dabarun da Ba Su Tsare Komai

Akwai dabaru biyu da ake yawan ba da shawararsu. Ɗaya ita ce ɓoye sunan layi. Sunan yana fita a fili duk sa'ad da wata na'ura ta hau, kuma na'urorin da suka san shi kan riƙa cigiyarsa duk inda suka je. Ɗayar ita ce tace na'urori ta lambar MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke ɗauke da ita. Wannan lamba ba a sirranta ta, ana iya ganinta a kwaikwaye ta cikin ɗan lokaci. Duka biyun sun saɓa wa ƙa'idar Kerckhoffs. Illarsu ita ce sa mai na'ura ya saki jiki alhali ƙofa a buɗe take.

6.0 Layin Hukuma da Hukuncin Doka

Abin da ya gabata ya shafi gida da ƙaramin ofis. Ga tsangaya ko jami'a baki ɗaya, kalma ɗaya ga ɗaruruwan mutane ba sirri ba ce, kuma ba a iya korar mutum ɗaya sai an sauya wa kowa. Abin da ya dace shi ne nau'in hukuma na WPA2 ko WPA3, wanda ke aiki da ƙa'idar 802.1X. A nan kowane mutum yana da sunansa da kalmarsa, wata uwar garke mai aiki da tsarin RADIUS ce ke tantance shi, kuma kowa yana da mabuɗinsa. In ɗalibi ya kammala ko ma'aikaci ya bar aiki, sai a rufe nasa kaɗai. A kan wannan tsari aka gina eduroam, wanda ya faro daga Turai a farkon shekarun 2000, yake ba malami damar hawa layin wata jami'a da shaidar jami'arsa.

Wannan tsari yana da sharaɗi guda da bai kamata a yi sakaci da shi ba. Mai kutse na iya kafa layin bogi mai suna iri ɗaya da na jami'a, ya jira na'urori su kawo masa sunaye da kalmomi. Kariya ita ce a saita kowace na'ura ta duba takardar shaidar uwar garke kafin ta miƙa komai. Zaɓin "kada a tantance" da wasu wayoyi ke bayarwa yana rushe ginin duka.

Doka ma ta shigo cikin lamarin. Dokar Laifukan Intanet ta Nijeriya ta 2015 ta haramta shiga kwamfuta ko layin wani ba da izini ba, da kuma tare bayanan da ke kan hanya. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuwa ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan kariya, ta ambaci sirrantawa a cikinsu, ta kuma wajabta sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72 idan aka samu ɓarakar da ke iya cutar da masu bayanan. Sakamakon ɗalibi da muryar wanda aka yi hira da shi duk bayanan mutane ne.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bibiyi matakan tsaron Wi-Fi daga WEP na 1997 zuwa WPA3 na 2018, ta nuna cewa biyun farko sun faɗi ne saboda aibin gininsu, na uku yana tsaye gwargwadon ƙarfin kalmar sirrinsa, na huɗu kuma ya rage wannan dogaro ba tare da ya kawar da shi ba. Kwatancen zaurance ya fito da dalilin da ya sa ɓoye suna, da tace lamba, da fakewa da harshe ba sa ba da kariya. Abin da ya rage a hannun mai na'ura ayyuka ne ƙididdigaggu: sauya kalmar gudanarwa, zaɓen WPA3 ko WPA2 tare da AES, sa kalmomi biyar da ƙuri'a ta zaɓa, kashe WPS, sabunta manhaja, da ware wa baƙi zaurensu. Ta fuskar harshe kuma, kalmomin da aka yi aiki da su a nan, irin su sadarwar iska da sirrantawa da musafaha da ƙunshi, shawara ce da ke jiran tacewar masana, tare da fatan a kai ga daidaitattun kalmomi da za a koyar da wannan fanni da su a azuzuwan Hausa.